Dalilan Faɗan Dabbobi da Yadda Ake Gane Mahaukacin Kare

Da wuya a sami gida a ƙasar nan wanda ba shi da hulɗa da dabba. Manomi yana da shanun huɗa, makiyayi yana da garke, maharbi yana da karnukan farauta, masunci yana raba kogi da dorina da kada. Ko mazaunin Ikko ko Fatakwal wanda bai taɓa riƙe sandar kiwo ba, yakan ɗaure ragon layya a ƙofar gida, ko ya ajiye kare saboda ɓarayi. Saboda haka cizo da tunkuyi da shuri sun zama abin da ma'aikatan asibiti ke gani yau da gobe. In aka tambayi wanda abin ya sama yadda aka yi, galibi amsa ɗaya ce: "Haka kawai ta far mini."

Nufin wannan ɗan littafi shi ne ya nuna wa jama'a cewa wannan magana ba kasafai take zama daidai ba. Dabba mai lafiya tana da dalilin faɗa, kuma kusan kullum takan yi gargaɗi kafin ta kai hari, sai dai mutum bai lura ba. Wanda ya san dalilan ya kuma san alamun, zai kauce wa yawancin raunuka. Akwai kuma dabbar da ke kai hari ba dalili ba gargaɗi. Wannan ita ce abin tsoro na ainihi, domin sau da yawa ciwon haukan kare ne ya kama ta, kuma wanda ta ciza yana cikin haɗarin rasa ransa in ba a gaggauta ba.

Faɗa yana da tsada

Dabba a daji ba ta da likita. Sa da ya karya ƙaho, ko zaki da ya rasa haƙori, ko barewa da ta ji ciwo a ƙafa, ko da su suka yi nasara a faɗan, wahala ce ke jiransu. Don haka yawancin rigimar dabbobi takan ƙare a kan barazana. Mai karatu ya tsaya ya kalli bijimai biyu da suka haɗu a mashaya. Kowanne zai juya gefensa don ɗan'uwansa ya ga girman tozonsa da kaurin wuyansa, ya tono ƙasa da kofato, ya yi ruri. Sau da yawa kafin ƙaho ya taɓa ƙaho ɗayan ya riga ya auna ya ga ba zai iya ba, sai ya sunkuyar da kai ya ba da wuri.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan. A 1922 wani mutumin Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana abin da duk matar da ke kiwon kaji ta riga ta gani a tsakar gidanta, watau cewa kaji suna da manya da ƙanana. Akwai wadda ke saran kowa ba mai saranta, akwai ta biye da ita, har zuwa ta ƙarshe wadda kowa ke sara. Da zarar kowace ta san matsayinta sai rigima ta lafa. A 1963 Konrad Lorenz, mutumin Ostiriya, ya wallafa littafi sukutum a kan faɗan dabbobi, kuma a 1973 aka ba shi kyautar Nobel tare da abokan aikinsa biyu. Shi a ganinsa fushi yana taruwa ne cikin dabba kamar ruwa a tafki, tilas wata rana ya ɓalle. Masanan da suka biyo baya ba su karɓi wannan ra'ayi ba. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne dabba tana faɗa ne a kan wani abu takamaimai: ranta, 'ya'yanta, abincinta, makwancinta, ko macen da take nema.

Darasin da ke cikin wannan ga mai kiwo a fili yake. Garken da ya saba da juna yana zaman lafiya. Rigima takan tashi ne ranar da aka shigo da baƙuwar dabba, ko aka cusa dabbobin da ba su san juna ba cikin mota ɗaya za a kai su kudu, ko aka tara raguna daga garuruwa dabam-dabam a turke ɗaya gab da Salla. Haka nan kajin gidan gona in aka cunkushe su, ko wurin cin abinci ya yi musu kaɗan, sai su shiga fige juna, har in jini ya fito su taru a kan mai rauni su kashe ta. Maganin wannan fili ne, da ƙarin kwanon abinci da na ruwa, da ware mai rauni nan da nan.

Tsoro

Babban dalilin da ke sa dabba ta ji wa mutum ciwo shi ne tsoro. Wani masani ɗan Siwizalan mai suna Heini Hediger, wanda ya shugabanci gidajen ajiye namun daji a ƙasarsa, ya nuna cewa kowace dabba tana da wata tazara da take so a bar mata. In mutum ya shigo cikin wannan tazara, sai ta ja da baya. In ya ci gaba da matsowa, ita kuwa ba ta da hanyar gudu, sai ta juyo kansa. Tura ta kai bango ke nan. Kyanwar da aka rutsa a ɗaki, da jakin da yara suka kewaye, da saniyar da aka kora cikin lungu a kasuwar kara, duk abu ɗaya ke damunsu. Doka ta fari ga mai hulɗa da dabba ita ce ya bar mata hanyar fita, ya kuma tabbata shi ma yana da tasa.

Idanun saniya suna gefen kanta, saboda haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, sai dai abin da ke bayanta daidai wutsiya. Doki da jaki ma haka suke. Wanda ya zo ta nan shiru ya taɓa su, ya firgita su, amsarsu kuwa shuri ce. Ya kamata a zo musu ta wajen kafaɗa, ana magana a hankali don su san da zuwan mutum. A tuna kuma doki ya fi harbi ta baya, saniya kuwa tana iya kai ƙafarta gaba ta watsa ta gefe, abin da masu tatsa suka sani sarai. Ihu da duka da murɗa wutsiya, waɗanda suka zama al'ada wajen loda shanu a mota, ƙara firgita dabba suke yi, kuma saniyar da aka wulaƙanta ta wannan hanya takan daɗe ba ta manta ba.

Maciji ma matsoraci ne. Kasa takan kumbura ta yi huci, gamsheƙa takan ɗaga kai ta faɗaɗa wuya, kububuwa takan naɗe ta goga jikinta da juna ya ba da wani ƙara kamar ana zuba ruwa a kan garwashi. Duk wannan roƙo ne a ba su wuri. Yawancin waɗanda ake kaiwa asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe manoma ne da makiyaya da suka taka maciji ko suka sa hannu a kansa ba su sani ba. Takalmi mai rufe ƙafa, da fitila da dare, da juya dami da sanda kafin a ɗauka, sun fi kowane laƙani.

Uwa da 'ya'yanta, namiji da lokacinsa

Ba sai an yi dogon bayani a kan uwa ba. Kazar da kullum ke gudun yaro, ranar da ta ƙyanƙyashe sai ta buɗe fukafukai ta tasam masa. Saniya mai sabon maraƙi, da goɗiya, da karya mai 'yan kwikwiyo, duk halinsu yakan sāke na 'yan makonni. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada kuma a bar yara su je ɗaukar 'yan kwikwiyo.

Batun namiji ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ake samun raunuka masu kisa. Marainan dabba suna zuba wani sinadari cikin jini wanda ke ƙara mata tsoka da zafin rai. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake dandaƙe shanun huɗa da bunsuran da za a yi kiwo don nama. Gara a yi wannan tun dabba tana ƙarama, kuma a hannun malamin dabbobi wanda ke da ƙarfen da ake yi da shi ba tare da an yanka fata ba. San da aka dandaƙe bayan ya girma ya saba da faɗa ba lalle ne ya bar halinsa ba.

Akwai wani abu da zai ba mai karatu mamaki. San da ya fi haɗari shi ne wanda aka rena a hannu, aka ba shi madara a kwano, yara suka yi ta wasa da shi suna tura masa goshi tun yana maraƙi. Wanda ya tashi cikin garke ya san shi sa ne, abokan hamayyarsa shanu ne, kuma yana jin shakkar mutum. Wanda ya tashi cikin mutane kuwa, in ya balaga sai ya ɗauki mutum abokin gwada ƙarfi. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Haka abin yake ga ragon da samari suka koya wa karo don nishaɗi. Ragon da ya saba tunkuyi ba ya bambanta saurayi mai ƙarfi da tsohuwa mai sanda ko yaro ɗan shekara uku, kuma a tsayin kan yaro goshinsa yake. In sa ya juya maka gefe, ya sunkuyar da kai, ya fara tono ƙasa, kada ka ba shi baya ka sheƙa. Ka ja da baya a hankali kana kallonsa har ka sa bishiya ko shinge tsakaninku. San da ya taɓa bin mutum sau ɗaya zai sāke, kuma asarar sayar da shi ga mahauta ta fi sauƙi a kan asarar rai.

Raƙumi dabba ce mai haƙuri, amma amale in ya taso wa barbara sai ya zama wani abu dabam. Yakan rage cin abinci, ya riƙa cizon haƙora, kumfa na fita bakinsa, wani baƙin ruwa mai wari na tsattsafowa daga ƙeyarsa, ya kuma fito da wata jar tsoka daga bakinsa kamar balan-balan yana gurnani. A wannan hali yana iya cafke hannun mai shi ko kansa ya ɗaga shi sama, ko ya danne shi da ƙirji. Cizon raƙumi yana farfasa ƙashi. A sa masa takunkumi da dabaibayi, kada a bar yaro ya ja akalarsa. Toron giwa ma yana da irin wannan lokaci, ana gane shi da ruwan da ke zubowa daga gefen kansa tsakanin ido da kunne. Masu ziyarar Yankari a Jihar Bauci, da manoman ƙauyukan da ke kewaye da dajin waɗanda giwaye kan shiga gonakinsu, su kiyaye da wannan alama.

A bakin ruwa da gindin amya

Dorina ciyawa take ci, ba ta da bukatar naman mutum, amma tana cikin dabbobin da suka fi kashe mutane a Afirka. Namijin yakan kai kilo 1,500 ko fiye, kuma duk da wannan nauyi a tudu ya fi mutum gudu. Da rana tana cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, da asuba ta koma ta hanyar da ta saba. Wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya tare mata mafaka. A cikin ruwa kuma namiji yana da yankin da yake tsaro, uwa tana tsaron ɗanta, jirgin da ya ratsa ta kansu suna iya kifar da shi. Hamma da dorina ke yi tana nuna haurenta gargaɗi ne. Masunta da manoman fadama a Binuwai da Kwara da madatsun ruwa irin na Kiri da Dadin Kowa sun san hanyoyinta, baƙo ya tambaye su kafin ya sauka.

Kada dabam yake, kuma a nan ne maganar da muka fara da ita ba ta aiki. Shi farauta yake yi, mafarauci kuwa ba ya sanar da zuwansa. Yakan lura da inda ake ɗiban ruwa ko wanki kullum, ya laɓe a nan. Inda aka san akwai kada, a kafa shingen itace a mashaya, kada kuma a bar yara su yi wanka da magariba.

Ƙudan zuma in ya harbi mutum yakan bar ƙarinsa a fata, tare da wani ƙamshi da ke kiran 'yan'uwansa su zo wurin. Hayaƙin da masu cin zuma ke turawa yana dushe wannan saƙo. Zumar Afirka ta fi ta Turai saurin tashi da nacin bin mutum. A 1956 aka kai irinta Burazil don a inganta kiwon zuma, a 1957 wasu suka kuɓuce, kafin 1990 ta ƙare zuriyarsu ta isa kudancin Amurka, mutanen can suna ta kuka da zafinta. Wanda zuma ta taso wa ya rufe fuskarsa ya gudu ya shiga ɗaki ko mota. Kada ya faɗa ruwa, domin za su jira shi ya ɗago.

Kare mai lafiya

Kare yana magana da jikinsa. Wanda ke shirin cizo yakan sandare, gashin bayansa ya tashi, ya kafe mutum da ido, ya yage leɓe yana gurnani. Matsoraci kuwa yakan kwantar da kunne, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kau da kai, kuma shi ma yana cizo in aka matsa masa. Kaɗa wutsiya ba kullum ne alamar murna ba: wutsiyar da ta miƙe sama tana kaɗawa a sandare alamar shiri ce. Kuskure ne a riƙa dukan kare saboda ya yi gurnani, domin abin da zai koya shi ne ya daina gargaɗi, ranar da ya gaji sai ya yi cizo shiru. Karen da ke ɗaure a sarƙa dare da rana cikin zafi, ba ruwa ba sakewa, yara na jifansa, mai gidan ne da kansa yake rena abin da zai cuci maƙwabta.

A koya wa yara abu kaɗan su riƙe. Kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko yana da rauni. In baƙon kare ya nufo su kada su gudu kada su yi ihu, domin gudu yana tayar masa da sha'awar bi. Su tsaya cik kamar bishiya, hannuwa a jiki, ido a ƙasa, galibi zai sunsuna ya wuce. In ya kayar da su, su dunƙule su rufe wuya da fuska da hannuwa.

Haukan kare

Duk abin da aka faɗa a sama game da dabba mai hankalinta ne. Ciwon haukan kare yana lalata ƙwaƙwalwa, saboda haka yana rushe dalili da gargaɗi gaba ɗaya. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, irin wadda ake kira bairus, tana cikin miyaun dabbar da ta kamu. Tana shiga jiki ta cizo, ko yakushi, ko in dabbar ta lashi wurin da fata ta yage, ko miyau ya shiga ido ko baki. Daga nan ba ta bin jini. Jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa take bi sannu a hankali, shi ya sa raunin kan warke, mutum ya manta, ciwon kuwa yana tafe. Galibi yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya bayyana, amma yana iya fitowa cikin mako guda, yana kuma iya kai shekara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi saurin kai cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga kare suke samunsa, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin yawan yara a fili yake: su ke wasa da karnuka, gajeru ne cizo yakan same su a fuska, sa'an nan sukan ɓoye rauni don tsoron duka. Iyaye su lura da wannan. Yaron da ya zo ya ce kare ya cije shi ko ya yakushe shi, a yaba masa da ya faɗa.

Alamar fari a jikin kare ita ce sākewar hali. Mai fara'a ya koma ɓuya a lungu, ko mai faɗa ya koma lasar mutane fiye da kima. Daga nan ciwon yakan ɗauki ɗayan kama biyu. A kama ta fari kare yakan bar gida ya yi ta yawo mai nisa, yana cizon duk abin da ya gamu da shi, mutum ko akuya ko itace ko dutse, ba haushi ba gurnani, muryarsa ta dushe, miyau na dalala. Kama ta biyu ita ta fi yaudara. Kare ba ya faɗa, sai muƙamuƙinsa ya saki, baki a buɗe, ya kasa haɗiya, kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Mai shi don tausayi sai ya sa hannu zai ciro ƙashin, nan ya kwashi cutar. Kada kowa ya sa hannu a bakin kare ko saniya mai dalalar miyau. Akwai kuma masu cewa mahaukacin kare yana gudun ruwa, in ya sha ruwa to lafiyarsa ƙalau. Wannan ba gaskiya ba ne. Mutum ne ke gudun ruwa in ciwon ya kama shi, kare kuwa yana iya zuwa ya yi ƙoƙarin sha.

Kyanwa da shanu da awaki da jakuna da dawaki da raƙuma duk suna kamuwa. Saniya takan yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa da wata irin murya, tana yunƙuri kamar mai naƙuda. Naman daji irin su dila in ya shigo gari da rana tsaka ba ya tsoron mutane, a ɗauke shi mai ciwo, kada yara su kama shi. Masu sana'ar yanka karnuka a sassan ƙasar nan inda ake cin namansu su ma suna cikin haɗari, domin binciken da likitocin dabbobi suka yi a Nijeriya ya sami alamar cutar a ƙwaƙwalwar wasu karnukan da aka yanka alhali a ido lafiyarsu lau.

A jikin mutum ciwon yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai, da ƙaiƙayi ko zugi a tsohon tabon cizon. Bayan kwana kaɗan sai firgita, da rashin barci, da shaƙewar maƙogwaro duk lokacin da ya yi ƙoƙarin shan ruwa, har ganin ruwan ko bugun iska ya riƙa tayar masa da hankali. Dangi sukan zaci iska ce ko sammu. In ciwon ya kai nan babu maganinsa a kowane asibiti na duniya, kusan duk wanda ya nuna alamun yakan rasu cikin 'yan kwanaki. Amma tsakanin cizo da bayyanar alamu akwai lokaci, kuma a cikin wannan lokaci ana iya tare cutar sarai.

Abin yi in kare ya ciji mutum

Kafin kome, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana cuɗawa, har minti 15 cur. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kowane sabulu ya isa, ko na wanki ne. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗarin ƙwarai, kuma ba ya cin ko kwabo. In akwai aidin ko barasar asibiti a shafa bayan wankin. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko ƙonannen gashin karen, kada kuma a ɗaure raunin tam.

Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ɗan yakushi ne. Allurar riga-kafin haukan kare ta samo asali ne daga Louis Pasteur na Faransa, wanda a ranar 6 ga Yuli 1885 ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yayyaga, yaron kuwa ya rayu. Dattawa za su tuna da allurai masu zafi da ake jerawa a ciki har mako biyu ko fiye. An daina waɗannan. Ta yanzu a dantse ake yi, sau 3 zuwa 5 gwargwadon tsarin da likita ya bi, ana farawa ranar da aka zo, a dawo kwana na 3, da na 7, sauran kuma a ranakun da aka rubuta wa mutum. Mai ciki da jariri duk ana yi musu. In raunin ya yi zurfi ko yana fuska ko hannu, akwai wani ruwan magani na biyu mai suna imunogulobulin da ake ɗurawa cikin raunin kansa don ya tare cutar kafin allurar ta fara aiki. Ana kuma duba batun allurar sandarewar haƙora. Wanda aka yi wa allura ɗaya ya ga rauni ya warke ya daina zuwa, bai gama tsare kansa ba. Wanda kuma ya yi sakaci har mako ko wata ya wuce, ya je duk da haka, muddin alamu ba su fito ba.

Game da karen, in an san mai shi kuma ana iya kama shi ba tare da wani ya ƙara jin ciwo ba, a tsare shi a keɓe, a ba shi abinci da ruwa, a sa masa ido kwana 10 da sanin likitan dabbobi. Karen da cutar ta riga ta sauko miyaunsa ba ya wuce wannan wa'adi bai nuna ciwo ko ya mutu ba. Amma kada a jira kwana 10 kafin a fara allura. A fara, in karen ya cika kwanakin garau likita ne zai ce a dakata. In tilas ta sa aka kashe karen, kada a farfasa kansa, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kira ma'aikatan dabbobi, domin ƙwaƙwalwar ake aunawa a gane cutar. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan awo, tana kuma yin allurar riga-kafi ta karnuka. Dabbar gida da mahaukacin kare ya ciza, a sanar da malamin dabbobi, kada a yi saurin kai ta kasuwa a sayar wa wanda bai sani ba.

Hanyar da ta fi kowace arha ita ce a tare cutar a jikin kare. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, aka kuma ci gaba da yi, cutar takan rasa inda za ta bi ta mutu. Kashe karnukan titi da guba ba ya kawo wannan sakamako, domin wasu sukan cike gurbinsu cikin ɗan lokaci, gubar kuma tana kashe ungulu da sauran dabbobin da ba ruwansu. A 2015 hukumomin duniya suka sa shekarar 2030 ta zama wa'adin kawar da mutuwar mutane daga haukan kare, kuma tun 2007 ake tunawa da ciwon kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu, inda a wurare da dama akan yi wa karnuka allura kyauta. Mai kare ko kyanwa ya kai su asibitin dabbobi mafi kusa da zarar sun cika wata 3, ya maimaita kowace shekara, ya kuma adana takardar shaidar da za a ba shi, domin ita za a fara nema ranar da karensa ya ciji ɗan maƙwabci. Ƙungiyoyin mafarauta, waɗanda ke da karnuka masu yawa da ke cuɗanya da namun daji, su shirya da dagaci ko mai unguwa a sa rana ɗaya malamin dabbobi ya zo ya yi wa karnukan duka a wuri guda.